Kilo 58 a Kati: Nazarin Faɗuwar Jinin Wani Mai Wankin Ƙoda a Yamai

Yadda ya zo mana (Oktoba 2023)

Dattijo ne mai shekara 54, mutumin Adar, haifaffen wani ƙauye a jihar Tawa, amma ya haura shekara 20 yana sayar da yadi a Yamai. Matarsa ɗaya, ƴaƴa shida. Tun yana ɗan shekara 40 da ƴan kai aka gaya masa yana da hawan jini. Idan kai ya sara sai ya sha magani, idan ya lafa sai ya ajiye. Ciwon baya da na gwiwa kuwa, masu tallar magani a tire yake nema, su ba shi diklofenak da ire-irensa, magungunan da ke ƙara wa ƙoda mai rauni wahala.

A tsakiyar Oktoba 2023 aka kawo shi cikin dare. Ba ya iya kwanciya sai dai ya kwana a zaune, ƙafafu sun kumbura har gwiwa, kwana huɗu yana amai. Awon jininsa 210/120, wato 21 da 12 yadda muke faɗa a bakin aiki. Gwajin jini ya nuna ƙoda ta daina tace dauɗa, hoton ciki kuma ya nuna duka biyun sun ƙanƙance, alamar ciwon ya daɗe kuma ba mai komawa ba ne. Aka sa masa katetar a wuya, wato siririn bututun da ake zurawa cikin jijiya, aka fara diyaliz washegari, wato wankin ƙoda, inda na'ura ke tace jini a madadin ƙoda. Nauyinsa a ranar kilo 67.

Mako uku muna rage ruwan a hankali. Kumburi ya saɓe, numfashi ya daidaita, ya koma kwanciya da matashi ɗaya. Ranar Litinin 6 ga Nuwamba likitan ƙoda ya rubuta a katinsa cewa busasshen nauyinsa kilo 58 ne. Busasshen nauyi, wanda muke kira "pwa sek" a ɗakin aiki, shi ne nauyin mutum idan an cire masa ruwan da ya yi yawa duka, ba kumburi, ba sarƙewar numfashi, kuma ba jiri idan ya miƙe tsaye. Babu na'urar da ke ba mu wannan lamba a ɗakinmu. Ido ne da hannu da kunne suke fitar da ita. A wannan rana 58 daidai ne, domin mutum ne da ya yi watanni abinci ba ya shiga, haƙarƙarinsa ana ƙirgawa.

Ƙa'ida ita ce wanki sau uku a mako, awa huɗu kowane zama. A wurinmu masu jinya sun fi na'urori yawa, don haka aka ba shi Litinin da Alhamis. Tsakanin Litinin da Alhamis kwana uku ke nan, tsakanin Alhamis da Litinin kwana huɗu. Ni ce ma'aikaciyar jinyar da ke ɗora shi a kan na'ura mafi yawan ranaku, shi ya sa wannan labarin yake hannuna.

Watannin da komai ya tafi daidai (Nuwamba zuwa Janairu)

Yakan zo da kilo 60.5 ko kusa da haka. Lissafin mai sauƙi ne: 60.5 a cire 58, saura lita 2.5, a ƙara mililita 300 na ruwan da za a kora masa jini da shi a ƙarshen zama, ya zama 2.8. Cikin awa huɗu, mililita 700 ke nan a kowace awa. Yana sauka ya hau kabu-kabu ya tafi kasuwa. Fitsarinsa na yini da kwana a Janairu mililita 600 ne, kuma wannan ragowar aikin ƙoda dukiya ce babba ga mai wanki sau biyu a mako.

A Disamba aka yi masa fistul a wuyan hannun hagu, wato aka haɗa jijiyar da ke fito da jini daga zuciya da wadda ke mayar da shi, don ta biyun ta yi kauri ta ɗauki allura. Dabara ce da likitoci Brescia da Cimino suka fito da ita a 1966 a Amurka, kuma har yau babu hanyar da ta fi ta daɗewa da ƙarancin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Aka bar ta ta nuna wajen mako takwas. A tsakiyar Fabrairu muka fara soka ta, aka cire katetar ɗin wuya. Ya yi murna ƙwarai, ya ce yanzu zai yi wanka kamar kowa.

Murɗewar ƙafa (Fabrairu 2024)

A makonnin ƙarshe na Fabrairu ya fara zuwa da 61.5, wani lokaci 62. A rabin awar ƙarshe sai sha-raɓarsa ta murɗe, ya riƙa cewa "ƙafata, ɗiyata, ƙafata." Sai in rage jan ruwa, in miƙe masa ƙafar, in danna yatsun zuwa sama. Yakan sauka da 58.5 ko 59. Muka rubuta a kati cewa bai kai nauyinsa ba.

Don a fahimci abin da ya biyo baya, sai an san inda na'ura take ɗiban ruwa. Daga cikin jini kaɗai take ɗiba, jinin babban mutum kuwa wajen lita 5 ne duka-duka. Ruwan da ya taru tsakanin zama biyu mafi yawansa ba a cikin jijiya yake ba, yana kwance ne a cikin nama da ƙarƙashin fata. Idan na'ura ta ɗebe na jijiya, sai na nama ya tsattsafo ya maye gurbi, kamar yadda rijiya take sake taruwa bayan an ja guga. Idan jan ya fi tsattsafowar sauri, ko kuma babu sauran abin da zai tsattsafo, jijiya za ta bushe, awon jini ya faɗi. Shi ya sa ake lura da saurin ja fiye da yawansa. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kada a wuce mililita 13 ga kowane kilo na nauyin mutum a cikin awa ɗaya, kuma ƙasa da 10 ya fi lafiya.

Gwaji na farko: faɗa a kan ruwa (Maris)

Zafi ya fara shigowa, shi kuma ya fara zuwa da 63. Muka yi lissafi yadda muka saba: 63 a cire 58, kilo biyar. Ba mu yarda mu sa wa na'ura fiye da lita 4 ba a lokacin, amma ko hakan mililita 1,000 ne a awa, kimanin 17 ga kowane kilo. A awa ta uku sai awon jini ya sauko daga 150/90 zuwa 85/50. Mu tsayar da ja, mu ɗaga ƙafafunsa sama da kai, mu zuba serom, wato ruwan gishirin da ake ƙarawa ta jijiya, mililita 250, wani lokaci sau biyu. Ya sauka da 60.

Duk wanda ya karɓe shi sai ya yi masa maganar ruwa. Ni kaina na sha ce masa, "Baba, kilo biyar fa. Ku ji tsoron Allah ku rage ruwan nan." Amsarsa ɗaya ce kullum: "Wallahi ɗiyata, ban sha ba." Sau uku na rubuta a katinsa cewa ba ya kiyaye ruwa.

Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris zuwa farkon Afrilu. Likita ya gaya masa yana da uzuri, amma ya dage sai ya riƙa ɗauka a ranakun da ba ya wanki. Ranar Alhamis 21 ga Maris ya hau sikeli da 61.6, bayan ya sauka ranar Litinin da 60. Na yaba masa. Sannan na cire 58 daga 61.6, na ƙara 300, na sa wa na'ura 3.9. Ba a cika awa biyu da rabi ba jini ya faɗi, ya fi na kowane zama sauri. Muka ɗora laifin a kan azumi, muka wuce.

Gwaji na biyu: ƙara gishiri a na'ura (1 zuwa 18 ga Afrilu)

Ruwan wankin da ke zagaya matatar na'ura, wajen lita 120 a zama ɗaya, yana da sodiyom a ciki, wato sinadarin da ke cikin gishiri, kuma ana iya ɗaga shi ko a sauke. Muna aiki da 138. Aka yanke shawarar a ɗaga masa zuwa 143, domin sodiyom mai yawa yana riƙe ruwa a cikin jijiya. A zama biyu na farko abin ya yi kamar ya karɓa, jini bai sauka ƙasa da 95 ba sai dab da ƙarshe.

Abin da ya biyo baya a gida ne. Matarsa ta ce yana dawowa bakinsa kamar an zuba toka, ya kwana yana neman ruwa. Wannan karon ƙarin nauyin na gaske ne: ya sauka da 60.3, ya dawo da 64.4. Awon jini kafin ɗorawa ya haura zuwa 175/100, aka ƙara masa maganin hawan jini na biyu, yana sha da safe kafin ya taho. Faɗuwar ta dawo, serom ya ƙaru zuwa rabin lita a zama. Serom ɗin nan giram 9 na gishiri ne a kowace lita, don haka rabin lita giram 4.5 ke nan, dab da giram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada mai lafiya ya wuce a yini guda. Kuma duk giram 8 na gishiri da ya shiga jikin wanda ƙodarsa ba ta fitar da shi, sai ya nemi kusan lita ɗaya ta ruwa kafin ƙishirwa ta sake shi.

Bayan ƙaramar salla, ranar Alhamis 11 ga wata, bai zo ba. Daga baya ya gaya mini tsoro ne ya hana shi, ya ce duk ranar wanki ji yake kamar ana zare masa rai ta ƙafa. Ranar Litinin 15 ya zo da 65.9, yana haki, fotasiyom ɗinsa, sinadarin da ke taruwa a jini idan ƙoda ba ta fitar da shi, ya kai 6.5. Dabinon buɗa-baki da mangwaron da ya cika gari, masu yawan fotasiyom, sun yi nasu aikin, ga kuma mako guda ba wanki. Fotasiyom idan ya haura 6 yana iya tsayar da zuciya ba sallama. An shawo kan wannan a ranar, amma da ƙyar muka sauke shi zuwa 62.

Litinin 22 ga Afrilu

Zafin Yamai a Afrilu kowa ya san shi, ma'auni ya haura 40 tun kafin azahar. Ya zo da 64.2, ya sha magungunansa biyu da asuba. Aka sa wa na'ura lita 4.3, zafin ruwan wanki 37. A awa ta biyu ɗansa ya kawo masa shinkafa da wake, ya ci a kan kujera kamar yadda masu jinya da yawa suke yi.

Ina wajen wata mai jinya na ji ya yi hamma. Ya sake yi. Hamma a jere a kan na'ura ba barci ba ne, sau da yawa ita ce sallamar farko ta faɗuwar jini, kafin agogon awo ya nuna komai. Na waiwaya na ga gumi ya feso masa a goshi, leɓensa ya yi fari. Na kira shi, ya amsa da murya dusasshiya kamar wanda mura ta kama. Kafin in isa idanunsa sun juye. Na danna tsayar da ja, na kwantar da kujerar kai ƙasa ƙafa sama, abokin aikina ya buɗe serom, na karkatar da fuskarsa gefe domin amai ya taho. Awo ya nuna 72/40. Awa biyu da minti 40 ke nan da farawa, na'ura ta ja lita 2.9. Bayan serom rabin lita da iskar oksijin ya farfaɗo, likita ya ce a sauke shi. Ya sauka da 62.1.

Da na zare allurai, ɗansa ne ya danne wurin domin shi Baba ba shi da ƙarfi. Yaron ya danna iya ƙarfinsa, sannan aka naɗe hannun da bandeji tam saboda ana gaggawar ɗora na gaba. Ban taɓa fistul ɗin ba kafin ya fita.

Alhamis 25 ga Afrilu

Kafin a soka fistul, abu uku ake yi: a duba, a taɓa, a saurara. Mai lafiya idan ka ɗora yatsu a kanta za ka ji tana ɗan kaɗawa ba tsayawa, kamar ƙugin injin niƙa daga bayan katanga, idan ka sa abin saurare kuma ka ji shuuu. Na ɗora yatsu, shiru. Na matsa sama, na ji jijiyar ta yi tauri kamar igiya. Jini ya daskare a ciki.

Na tambaye shi yaushe ya daina jin motsinta. Ya ce tun safiyar Talata. Ranar Litinin ɗin ya isa gida a galabaice, ya kwanta a kan hannun hagu, bandejin bai kwance ba sai da gari ya waye. Na ce, "Baba, me ya hana ku dawowa a ranar?" Ya ce, "Ai ranata Alhamis ce, ɗiyata." An gaya masa kada a auna masa jini ko a ɗebi jini a wannan hannu, kada ya ɗaura agogo, kuma ya riƙe duka. Abin da ba wanda ya gaya masa shi ne idan motsin ya tsaya, a awar nan ake tahowa asibiti, ko da tsakar dare ne. Likitan tiyata ya duba ya ce lokaci ya wuce. Aka mayar da katetar a wuya.

Maganar tela (29 ga Afrilu zuwa 2 ga Mayu)

Ranar Litinin matarsa ta rako shi, ta zauna a bencin waje. Shugabar ɗakinmu, manjo, ta fita ta zauna kusa da ita suna gaisawa. Cikin hira Hajiya ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, ana ta cewa ruwa ne ya yi wa maigida yawa, alhali ƙafarsa ba ta kumbura kamar bara. Ta ce kayan da aka rage masa a Nuwamba duk sun matse shi, har telansa da ya zo awon kayan salla ya ce Alhaji ya yi ƙiba, sai da ya ƙara yadi a wuya da ƙugu. Tun Disamba, in ji ta, yana cinye tuwonsa ya nemi ƙari.

Manjo ta shigo ta ce in ɗauko mata takardun zamansa tun daga Fabrairu. Muka baje su a kan tebur. Ta ce kada in duba nauyin zuwa, in lissafa mata nauyin da yake kai a daidai lokacin da jini ya faɗi a kowane zama, wato nauyin zuwa a cire abin da na'ura ta ja zuwa wannan minti. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawansu tsakanin 60 ne da 61 da ɗan kai. Sannan ta ce in sake lissafa ƙarin nauyi tsakanin zama, amma daga nauyin da ya sauka da shi a zaman baya. Kilo biyar ɗin Maris ya koma uku. Na ranar 21 ga Maris kilo 1.6 ne kacal, mu kuwa muka nemi jan 3.9.

Ranar Alhamis 2 ga Mayu aka sauke shi a 61, likitan ƙoda ya zo ya duba shi a wurin. Ya danna babban yatsa a ƙashin sangali da idon sawu, bai lotsa ba. Ya saurari huhu ta baya, babu ƙarar ruwa. Jijiyoyin wuya a kwance. Awon jini a zaune 128/76, a tsaye 118/70, ba jiri. Ya soke 58 ya rubuta 61, da kwanan wata a gefe.

Gyara (Mayu da Yuni)

A ɓangaren na'ura, likita ya ba da umarni biyar a rana ɗaya. Sodiyom ya koma 138. Zafin ruwan wanki ya sauka zuwa 36, daga baya 35.5, domin ruwa mai ɗan sanyi yana sa jijiyoyi su tsuke su riƙe awon jini. Ya yi ƙorafin sanyi a zaman farko, muka lulluɓe shi da zane. Ja ba zai wuce mililita 800 a awa ba, lita 3.2 ke nan a awa huɗu, idan ya zo da fiye da haka a ƙara rabin awa ko a bar ragowar zuwa zama na gaba. Maganin hawan jini ya koma dare. Abinci mai nauyi kuma a ci kafin a zo ko bayan an sauka, domin ciki idan ya cika yana janye jini zuwa hanji a daidai lokacin da ake neman sa a jijiya.

A ɓangarenmu, awon jini kowane rabin awa, a awar ƙarshe kowane minti 15. Sikeli ɗaya, kaya iri ɗaya: mutumin Adar ne, wata rana da babbar riga da rawani, wata rana riga da wando, ga waya biyu da makullan shago a aljihu. Muka yarda zai riƙa hawa da ƴar shara da wando, ba takalmi, aljihu wayam.

Aikin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne na tukunya, kuma da Hajiya aka yi shi. Ban tambaye ta ko tana sa gishiri da yawa ba, domin babu mace da za ta ce eh. Na ce, "Inna, ku faɗa mini yadda kuka haɗa miyar jiya, daga farko." Ta lissafa: Maggi biyar, gishiri da bakin ludayi, daddawa, kanwa idan miyar kuɓewa ce, sannan yaji a gefen kwano. Kusan rabin kowane dunƙulen Maggi gishiri ne, kanwa ma sodiyom ce. Ba mu ce gida duka su koma cin lami ba, wannan ba zai ɗore ba. Ta riƙa ɗibar nasa a ƙaramar tukunya kafin ta sa ɗanɗano, ta gyara masa da tafarnuwa da albasa da citta da masoro da ɗan lemun tsami. Na ja mata kunne a kan gishirin da ake sayarwa a farmasi da sunan na masu hawan jini, domin fotasiyom ne aka sa a madadin sodiyom, ga mai wankin ƙoda kuwa haɗari ne. Mako biyu na farko ya yi ta mita, daga baya harshe ya saba.

A nan ne kuma na gane ma'anar "ban sha ba." Gaskiya ya faɗa a nasa lissafin, ruwan randa da na leda ya rage su sosai. Amma fura a wurin mutumin Adar abinci ce, ba ya ƙirga ta cikin abin sha, kuma kwano guda yake shanyewa da rana. Ga kunu da safe, ga shayi zagaye uku a bakin shago. Likita ya ba shi lita ɗaya a yini saboda zafi da gumi. Muka ɗauki gorar lita ɗaya da rabi muka ja layi a daidai lita ɗaya. Duk abin da ke zuba, ko fura ce ko kunu ko shayi ko romo, sai a zubar da kwatankwacinsa daga gorar. Fura ta koma mai kauri a ƙaramin kofi. Don ƙishirwa, Hajiya takan daskarar da wani ɓangare na ruwan gorar ya riƙa tsotsar ƙanƙara, ya kuma kurkure baki ya tofar.

A ƙarshen Mayu aka yi masa sabuwar fistul a gwiwar hannun hagu. Wannan karon na kama yatsunsa na ɗora a kai har ya ji kaɗawar da kansa, na kama na Hajiya da na ɗansa. Muka ɗaura abin da lokutan salla: bayan asuba da bayan isha'i ya taɓa. Idan shiru, a taho nan take. Katetar ɗin wuya kuma muka riƙe shi da tsafta, takunkumi a fuskarsa da tawa duk lokacin buɗewa, ba jiƙawa a wanka. Bai yi zazzaɓin katetar ba.

Babbar salla ta zo a tsakiyar Yuni, da soyayyen nama da yaji. Ranar Alhamis 20 ga wata ya zo da 64.9. Muka yi awa huɗu da rabi, aka ja 3.6, ya sauka da 61.6, aka ƙarasa ranar Litinin. Jini bai faɗi ba.

Sakamako (Yuli zuwa Oktoba)

Daga 1 zuwa 22 ga Afrilu ya yi zama 6, jini ya faɗi a 5. A Yuli ya yi zama 9, sau ɗaya awo ya sauka ƙasa da 100, kuma tsayar da ja na minti 10 ya wadatar, ba a buɗe serom ba. Ƙarin nauyi tsakanin zama ya tsaya tsakanin kilo 2.1 da 2.8. Awon jini kafin ɗorawa ya dawo wajen 145/85, likita ya janye magani na biyu. A farkon Agusta muka fara soka sabuwar fistul, ni da kaina nake danne wurin allura minti 10 da yatsu biyu, daidai yadda jini zai tsaya amma ina jin kaɗawar a ƙarƙashi. Ya koma kasuwa da la'asar a ranakun wanki.

Abu biyu ba su dawo ba. Fistul ɗin wuyan hannu ta tafi. Fitsarinsa da yake 600 a Janairu ya koma 200 a Mayu, kuma a nan ya tsaya.

A Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, mako guda ba ya cin abinci. Ya zo da 62.4, wanda a lissafi kilo 1.4 ne kawai a kan 61. Amma na danna idon sawunsa ya lotsa, awon jini 170/98, ya ce ya kwana da matashi biyu. Nama ne ya zube, ruwa ya maye gurbinsa, sikeli kuwa ba ya bambanta su. Na kira likita kafin in ɗora shi. Aka riƙa saukar da lambar da giram 300 zuwa 400 a kowane zama har 59.8.

Abin da na gani a lamarin

Tushen matsalar lamba ce da ta kasance gaskiya a Nuwamba, ta zauna a kati kusan wata shida ba wanda ya sake tambayarta. Mutumin da ya fara wanki a rame zai yi nama idan wankin ya karɓe shi, wannan ma alamar nasara ce, mu kuwa muka ɗauke ta a matsayin ruwa muna ƙoƙarin ja. Likita ne ke da ikon canza busasshen nauyi, amma mu ne muke tare da mai jinya awa takwas a mako, mu ne ya kamata mu kai masa labari tun murɗewar ƙafar Fabrairu. Ranar 21 ga Maris hujja ta zo mana a fili, ƙarin nauyi kaɗan da faɗuwa da wuri, muka ba ta wani suna.

Ƙara sodiyom da yawan serom sun rufe alamar a cikin ɗaki, suka tura ciwon gida a matsayin ƙishirwa, ƙishirwa ta kawo ruwa, ruwa ya kawo hawan jini, aka ƙara magani, magani ya ƙara faɗuwa. Serom yana da wurinsa, ranar 22 ga Afrilu shi ya ceto shi. Kuskuren shi ne mai da shi abin kowane zama ba tare da tambayar dalili ba. Rashin fistul kuwa abu uku ne suka haɗu, jinin da ya faɗi, dannawa da ɗauri mai tsanani, da jinkirin kwana biyu, kuma biyun ƙarshe suna hannuna. Da na ɗora yatsu kafin ya fita, da na ce masa kalma ɗaya a kan shiru, wataƙila da an cece ta. Ina kuma ganin faɗuwar jini a kai a kai tana da hannu a raguwar fitsarinsa, domin ƙoda mai rauni ba ta jure yankewar jini.

Gyaran ya yi aiki ne saboda an taɓa wurare biyu lokaci ɗaya, lambar da ke kati da gishirin da ke shiga jiki. Ɗaga nauyi kaɗai da bai hana shi zuwa da ƙarin kilo huɗu ba, rage gishiri kaɗai kuma da mun ci gaba da ja zuwa 58. Akwai abin da ya fi ƙarfinmu: tazarar kwana huɗu tana da tsawo ga mutumin da fitsarinsa ya ragu haka, kuma zama na uku ne maganinta. An sa sunansa cikin masu jira.

Rubutun nan uku da na yi cewa ba ya kiyaye ruwa suna nan a tsofaffin takardu. Na nemi gafararsa a kansu, ya ce, "Ba komai ɗiyata, kin ga abin da takarda ta nuna miki ne." Katinmu yanzu yana da layi biyu da ba shi da su a da: nauyin saukar zaman baya, da ranar da aka sake duba busasshen nauyi. Nasa ana duba shi a Litinin ɗin farko ta kowane wata, da kuma duk lokacin da ya tashi daga wata rashin lafiya.